Yaƙin da ba a yi a ƙasarmu ba, ta yaya ya cinye mana jirgin ƙasa?

"Assalamu alaikum Baba. Kakana, Allah Ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe a Zariya a zamanin yaƙin Hitila. Yakan ce mana yaƙin nan ne ya cinye jirgin ƙasa, ya bar su da gajiyayyun kawunan jirgi da dogon da ya suɗe, har aka yi shekaru ba a farfaɗo ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a Turai da ƙasar Bama (Myanmar ta yau) aka yi yaƙin, ba wanda ya zo ya jefa wa layinmu bam. To ta yaya yaƙin da ake yi a wata uwa duniya zai lalata dogon da ke tsakanin Kano da Ikko? Ko dai zancen tsofaffi ne kawai?" (Daga wani mai karatu a Zariya)

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan kakanka, Ya kai haske kabarinsa. Gaskiya ya gaya muku, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sifana a kan dogo zai gane abin da yake nufi tun kafin ya rufe baki. In na fahimce ka, so kake ka san ta wace hanya yaƙin da ba ka ji ƙarar bindigarsa ba zai iso ga ƙarfen da ke shimfiɗe a bayan gidanku. Ta ƙofa biyu yake shigowa, kuma a lokaci guda: yana ninka wa layi kaya, sannan ya garƙame siton da ake ɗauko kayan gyaransa. Jirgi ba ya tsayawa a ranar, ba ya tsayawa a shekarar ma. Bashi ake ta ci a jikin ƙarfe, sai an gama yaƙi ana cikin murna mai bashin ke yin sallama.

Ban ga yaƙin da idona ba, bayansa aka haife ni. Amma na yi fiye da shekara talatin ina aikin kula da layi, kuma da na fara, a tsakiyar shekarun 1970, na tarar da ragowar dattawan da suka shiga aiki suna samari a zamanin kakanka. A hannunsu na koyi sana'ar. Ni mutumin dogo ne, ba na loko ba (wato inda ake ajiye kawunan jirgi ana gyara su), saboda haka abin da zan faɗa game da kan jirgi ilimin maƙwabtaka ne, wanda na gani na kuma ji daga bakin direbobi da makanikai abokan aikina.

Halin da yaƙi ya sami layin

Dogo ya iso Kano a 1911, aka haɗe layin Ikko da wanda ya taso daga Baro, a bakin Kwara, ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. An gama gadar Jabba a kan Kwara a 1916, kafin nan a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu. A shekarar ce kuma layin gabas daga Fatakwal ya kai Inugu saboda kwal, kafin 1927 ta ƙare ya bi ta Kafanchan ya haɗu da na yamma a Kaduna, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Reshen Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya kai Nguru a 1930. Ke nan da yaƙi ya ɓarke a 1939, wasu sassan sun haura shekara ashirin da biyar suna ɗaukar kaya, lokacin sabunta su ya yi ko ya kusa. Ga shi kuma shekarun 1930 na karayar tattalin arziki ne a duniya, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi, an rage ma'aikata, an tsuke bakin aljihu. Da ramarsa layin ya shiga yaƙi.

Sannan ka tuna layi ɗaya ne tal, kusan mil 700 daga Kano zuwa Ikko, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha. Wannan zai dawo mana a gaba. Abu mafi muhimmanci kuwa shi ne, ba a narka ƙarfen dogo a ƙasar nan a lokacin. Dogon kansa, da ƙarafan da ake girke shi a kansu waɗanda muke ce wa silifa (na ƙarfe aka fi sawa a nan saboda gara), da noti da kusoshi, da bututun tukunyar kan jirgi, da ƙafafun taragu, duka daga Ingila ake odarsu ta hannun wakilan sayayya na gwamnati da ke Landan, waɗanda ake kira Crown Agents. Akwai manyan ma'aikatun gyara a Ebute Metta da Inugu, akwai loko a Zariya, kuma akwai gwanayen hannu a cikinsu. Amma gwani sai da ƙarfe a gabansa.

Kaya ya ninku

Da Faransa ta faɗi a 1940, Italiya kuma ta shiga yaƙi, hanyar Bahar Rum ta toshe wa Ingila. Sai aka koma harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, a Ghana ta yau, su tashi su biyo ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yau, a Chadi), su ratsa Sudan su kai Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya, kuma man da suke sha a Kano a dogo yake hawowa daga bakin teku. Ga ɗaukar soja da kayansu, waɗanda daga baya aka kai su Bama.

Babban nauyin ya zo a 1942. A watan Fabrairu Japan ta ci Singafo, ta riƙe Malaya da tsibiran da ke kewaye, wato inda Ingila ke samun kuza da roba da mai na abinci. Nan da nan ido ya dawo kan Nijeriya. Aka matsa wa ma'adinan Jos su ƙara kuza, har aka yi ta kwaso mutane daga lardunan arewa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, wahalar da iyalai da yawa ba su manta ba har yau. Waɗannan dubban mutane sai an kai su, sai an kai musu dawa da gero, sai an kai wa injina kwal, sai an sauko da kuzar. Aka bi ta hannun sarakuna da hakimai ana kiran manoma su ƙara gyaɗa. Kwal ɗin Inugu da a da mu muka fi amfani da shi, ya zama har Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ake aika shi don na Ingila ya daina zuwa. Motocin da za su rage wa jirgi nauyi kuwa, an sa wa fetur ƙa'ida, taya ta yi wuya, lori da yawa suka kwanta. Kowane kaya sai ya gangaro tasha.

Sito ya rufe

A daidai wannan lokaci masana'antun Ingila suka juya ga makamai. Misali ɗaya ya isa: kamfanin Vulcan Foundry, wanda sana'arsa ƙera kawunan jirgi ce, shi ya koma ƙera tankar yaƙin nan da ake kira Matilda. Ƙarfe ya zama abin rabo, soja ne a gaba. In ma an samu an ƙera maka abin da ka yi oda, sai ka nemi gurbi a jirgin ruwa, jiragen kuma na tafiya ne a ayari saboda jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, waɗanda suka nutsar da da yawa a kusa da Saliyo a 1941. Odar da a da take isowa cikin watanni ta koma shekaru, wata kuma tana can ƙasan teku.

Kada ka ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A Ingila kanta gwamnati ta karɓi ragamar manyan kamfanonin jirgi huɗu tun 1 ga Satumba 1939, aka rage gudun jirage, aka jingine sabunta layi. Kuɗin gyaran da ba a samu kashewa ba aka riƙa tara su a asusu na musamman. Wannan yana nuna maka asalin matsalar: kuɗin na nan, ƙarfe da hannu ne babu. Da aka gama yaƙi layukansu sun gaji tiɓis, kuma hakan na cikin abin da ya share fagen mayar da su mallakar gwamnati a farkon 1948. To in mai masana'anta ya rasa dogon da zai sa a ƙofar gidansa, ina ga wanda ke jiran a aiko masa daga nesa?

Yadda rashin gyara ke cin layi

A nan zan ɗan zauna, don nan ne amsar tambayarka take. Aikin layi kashi biyu ne. Akwai na kullum: ɗaure noti, cusa tsakuwa a ƙarƙashin silifa, shafa mai a mahaɗa, yashe magudanan ruwa, cire ciyawa. Wannan hannu yake buƙata da diga da shebur. Akwai kuma sabuntawa, wato a cire dogon da ya suɗe da silifar da ta tsage a sa sabo, a bisa tsari, mil kaza kowace shekara. Yaƙi kashi na biyu yake yankewa. Abin da ke ruɗin mutane, har da manya a ofis, shi ne kashi na farko yana iya rufa wa rashin na biyu asiri na wasu shekaru. Jirgi na wucewa, kowa ya ce lafiya lau.

Daga mahaɗa ciwon ke farawa, inda dogo biyu suka haɗa baki aka ɗaure su da faranti biyu na ƙarfe da noti. Ƙarar nan da fasinja ke ji, ƙaƙas-ƙaƙas, kowace ɗaya duka ce ƙafar jirgi ta yi wa bakin dogo. In farantin ya suɗe ba a sami sabo ba, noti ba ya ƙara kama shi da kyau ko ka hau kan sifana da ƙafa. Bakin dogo ya fara lotsawa, dukan ya ƙaru, tsakuwar da ke ƙasa ta niƙe ta zama gari. Sai damina ta zo. Na sha durƙusawa a gefen irin wannan mahaɗa jirgin kaya na wucewa, in kafa ido a kan silifa ɗaya: ƙafa ta hau ta nutse, ƙafa ta wuce ta taso, tana tofo taɓo fari kamar kunu ta gefenta, har ya fantsama a wandona. In ka ga haka, ka san ƙarƙashinta rami ne, a iska take rataye. Ka cusa mata tsakuwa yau, bayan sati biyu ka dawo ka tarar da ita yadda ka same ta da farko, don ba a taɓa asalin ciwon ba. Leburorin da ya kamata su zagaye sashensu duka sai su ƙare a kan mahaɗa goma sha biyu, sauran layin na jira.

Da bazara kuma wata fitinar ce daban. Ƙarfe na miƙewa da zafi, shi ya sa ake barin 'yar tazara a kowace mahaɗa, ake kuma kwance faranti a shafa masa mai don dogo ya samu ya motsa. In mai ya yi wuya, ko hannu ya yi kaɗan aka tsallake shekara, mahaɗa ta cije. Rana ta take a watan Afrilu, ƙarfen ya rasa inda za shi, sai ya banƙare gefe kamar maciji. Direban da ya taho bai gani da wuri ba sai dai Allah Ya kiyaye.

Dogo da jirgi kuma cutar juna suke yi. Mahaɗa mai rami tana karya sifirin na tarago, tarago mai karyayyen sifirin ko ƙafar da ta yi faci yana dukan kowace mahaɗa da ya taka daga Kano har Apapa. Taragun wancan zamani ba irin boris na yau suke da shi ba. Kan sandar ƙafa yana juyawa ne a ƙarƙashin wata tagulla mai shafen farin ƙarfe, cikin akwati da aka cusa wa tsumma jiƙe da mai. Mai ya ƙare, ko ƙurar hunturu ta shiga, ko tagullar ta cinye ba a sake ta ba, sai akwatin ya ɗau zafi, ya yi hayaƙi, ya kama wuta, a ƙarshe sandar ta karye. Shi ya sa a manyan tashoshi za ka ga mutum na bin jirgi da guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafu, yana taɓa kowane akwati da bayan hannu. Irin wannan zafin akwati ne ya kifar da jirgin fasinja mai suna Congressional Limited a Filadelfiya ta Amurka ranar 6 ga Satumba 1943, mutum 79 suka rasu. Ba na ce ƙarancin kayan yaƙi ne kai tsaye ya jawo shi ba, na kawo shi ne don ka ga abin da 'yar tagulla ɗaya ke riƙe da shi.

To me mai kula da layi zai yi in ya ga sashe ya lalace ba shi da kayan gyara? Zai kafa alama ya rage gudu. Daidai ne, ni ma na sha yi. Amma tuna layi ɗaya ne. In jirgi ya ɗauki minti arba'in a inda a da yake ɗaukar ashirin da biyar, wanda ke jiransa a tasha ta gaba ya ƙara jira, na bayansa ma haka. Jiragen da layi ke iya ɗauka a yini suka ragu, a daidai lokacin da ake neman su ƙaru. Kan jirgin da a da yake zuwa ya dawo cikin kwana kaza yanzu ya ƙara kwana, ke nan ana buƙatar ƙarin kawuna don ɗaukar kaya iri ɗaya, ga shi babu. Daga ina za a samo? Daga lokacin hutunsa a loko. Kan jirgi mai tururi yana da ranar da ake kashe wutarsa, ya huce, a wanke cikin tukunya, don ruwan da yake sha a hanya, musamman na rani a arewa, yana barin laka da ɓawo a jikin bututu. In an ce kaya na jira, a bar wanki sai wani satin, ɓawon ya yi kauri, bututu ya ƙone ya fara yoyo, tururi ya ragu. Kwal ɗin Inugu kuma mai saurin marmashewa ne, fayaman, mai zuba kwal a wuta, yana shan wuya da shi ko da kan na da lafiya. Ranar da kan ya mutu a tsakiyar daji, ba shi kaɗai ya tsaya ba, ya toshe hanyar arewa da kudu gaba ɗaya har sai an turo wani ya jawo shi. Ana wata ga wata, kowane gyaran da aka ɗage yana haifar da dalilin ɗage na gaba.

Dabarun rashi

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Su kakanka ba su naɗe hannu ba, kuma dabarun da ake yi a irin wannan hali sanannu ne ga duk mai wannan sana'a a ko'ina. A kwana, dogon waje ne ke suɗewa ta gefe ɗaya, sai a musanya shi da na ciki, gefen da bai ci ba ya karɓi aiki. Dogon da bakinsa ya lotsa a yanke bakin a huda sababbin ramuka. A cire mai ɗan sauran lafiya daga layukan ajiye taragu a kai babban layi, a mayar da gajiyayyen can. A narka farin ƙarfen tsohuwar tagulla a sake zubawa. A rage jiragen fasinja don na kaya su samu hanya.

Helima, wato shugaban leburorin layi, na farko da na yi aiki tare da shi, dattijo ne da ya shiga aiki yana yaro a shekarun yaƙin, yana da wani gwangwani da ba ya rabuwa da shi, cike da baƙin mai da kananzir. Duk tsohon noti ko kusa da aka cire, ko ya yi tsatsa ya lanƙwashe, ba ya bari a yar. Zai tsoma shi a gwangwanin ya kwana biyu, da azahar in an zauna hutu a inuwa ya ɗauko shi, ya ɗora a kan guntun dogo ya miƙar da shi da guduma a hankali, ya bi zaren da burushin waya, ya gwada, ya jefa a buhu. Wata rana wani yaro ya yi jifa da noti cikin ciyawa, dattijon nan ya tsayar da aiki sai da aka nemo shi. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi akwai shekarar da suka yi tafiyar mil uku a ƙasa saboda guda huɗu irinsa. A lokacin akwai sababbi a sito, amma hannunsa ya riga ya saba.

A ganina ba duk dabarun nan ne ɗaya ba. Musanya dogo da rage gudu dabaru ne na gaskiya, kana sane da abin da ka ɗage, kana iya rubuta shi. Wadda na fi tsoro ita ce ta loko, a kwance kayan kan jirgi ɗaya a tayar da biyu. Ranar farko riba ce. Amma wanda aka fara taɓawa ba ya ƙara tashi, yau a ɗauki famfonsa, gobe bututunsa, bayan shekara sai ƙwarangwal, alhali a littafi har yanzu ana lissafa shi cikin kawunan da ake da su. Wanda kuma ba na yi wa uzuri ko a yaƙi shi ne barin magudanar ruwa da kwalbati su toshe, don wannan ba ya jiran jirgin ruwa daga Ingila, shebur ne da mutum. Ruwa ya fi kowane jirgi cin layi. Sai dai in faɗi gaskiya, shi ne aikin da ake fara sakewa in hannu ya yi kaɗan, domin ba wanda ke ganin amfaninsa sai daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Mutanen da suka ɗauki nauyin

Abin da ƙarfe ya kasa, jikin mutane ne ya cike. Wasu ƙwararru sun tafi soja, waɗanda suka rage suka haɗa aikin mutum biyu, ga tsadar rayuwa: gishiri, kananzir da tufa duk sun yi wuya, albashi kuma na nan inda yake. Ba banza ba ma'aikatan reluwe suka zama kan gaba a gwagwarmayar ƙwadago. Sun matsa har aka ba da alawus na tsadar rayuwa a 1942, gwamnati ta tsare shugabansu Michael Imoudu daga 1943 zuwa 1945, kuma a watan Yuni na 1945 aka shiga yajin aikin gama-gari da ya kai kwana 44, jirage suka tsaya cik. In kakanka na Zariya a lokacin, da wuya a ce wannan yajin bai shafe shi ba. Gajiyar mutum ma tana cikin lissafin gyara. Mai duba layin da ya kwana da yunwa, ko aka ƙara masa tsawon sashe, wata rana zai wuce tsagewar da da ya gani.

Ranar biyan bashi

An gama yaƙi a 1945, amma sito bai buɗe a ranar ba. Ingila ta fito da bashi a wuya, ƙarfe da kwal na yi mata wuya, kuma duk ƙasashen da layukansu suka gaji sun yi layi a ƙofar masana'antu ɗaya. Ga shi tana matuƙar neman man girki, har ana rabonsa da kati. Manoman Kano da Katsina da sauran ƙasar gyaɗa suka amsa kira suka noma, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka saya suka tara, jirgi ya kasa kwashewa. Gyaɗar bana ta tarar da ta bara a fili.

Dalar gyaɗa abin alfaharinmu ce, kuma ta cancanta, guminmu ne. Ba kuma duk tsayinta ne laifin jirgi ba: gyaɗa na shigowa ne cikin 'yan watanni bayan kaka, dole a ajiye ta wani wuri, busasshiyar iskar Kano ta ba da damar a jera ta a fili a rufa tamfol, noman ya ƙaru, tashar jiragen ruwa ma tana da nata cunkoson. Amma a ƙarshen shekarun 1940 dala ta daɗe a tsaye fiye da yadda aka so, har ƙwaro ya shiga buhuna, har zancen ya kai majalisar dokokin Ingila. Ni in na kalli hotunan wancan lokaci, ina ganin albarkar noma, ina kuma ganin bututun da bai iso ba da dogon da ba a sabunta ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a 1947 gwamnatin Ingila ta fara narka miliyoyin fam a shirin noman gyaɗa a Tanganyika (cikin Tanzaniya ta yau), shirin da ya rushe aka watsar da shi a 1951, alhali ga gyaɗa nomammiya, a buhu, tana jiran tarago a Kano.

Sababbin kawunan da aka sa wa sunayen koguna sun fara isowa a 1948, kuma Vulcan Foundry ɗin nan da ya koma ƙera tanka yana cikin waɗanda suka ƙera su. Na dizal suka fara aiki a 1955, shekarar da aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta. Ka lissafa da kanka: yaƙin shekara shida, farfaɗowa kusan goma. Dalili shi ne sabuntawa ba ta tsallake. In ka bar mil hamsin a shekara har shekara shida, ba mil ɗari uku kaɗai ke jiranka ba, har da ɓarnar da suka yi wa taragu da gadoji, ga kuma na bana da lokacinsu ya yi, kuma duk za ka yi aikin ne a kan layi ɗaya da jirage ke bi dare da rana.

Mun sake ganin irinsa a yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, wannan karon a cikin gida. Layin gabas ya yanke, kwal ɗin Inugu da ma'aikatar gyaran can suka fita daga hannu, ƙwararru da yawa sun riga sun bar arewa tun rikicin 1966, kayan arewa duka suka koma kan hanyar Ikko. Sawun wannan ne na tarar da na fara aiki, shi ya sa da dattawan nan ke ba ni labarin zamanin Hitila ban sha wuyar ganewa ba.

In kana son ka taɓa abin da hannunka, akwai hanya. Kowane dogo yana ɗauke da tambarin masana'antar da ta yi shi da shekarar da aka narka shi, a rubuce a cikinsa daga gefe, tsakanin kai da gindi. Ka nemi izinin ma'aikatan tasha, kada ka shiga layi kai kaɗai, su nuna maka tsofaffin layukan ajiye taragu inda ake mayar da dogon da ya gama aiki a babban layi. Ka tafi da ɗan burushin waya da ruwa a gora, ka goge tsatsar ka karanta. Na yi shekaru ina karanta waɗannan lambobi a duk inda aiki ya kai ni. Na ga na shekarun 1920 da yawa, na ga na shekarun 1950 da yawa, amma na tsakanin 1940 da 1945 jefi-jefi nake cin karo da su. Wanda duk ka samu mai tambarin kafin yaƙi, ka shafa kansa ka ji yadda ya suɗe, mai yiwuwa yana cikin waɗanda su kakanka suka yi ta lallaɓawa har aka ga bayan yaƙin.